Kada Hantar Ta Huce

Litinin, ƙarfe tara na safe

Kusan kowa yana ɗauka magani muke haɗawa a ɗakin gwajin nan. Har Yaya, wanda ya ɗauki nauyin karatuna tun ina ƙarama, haka yake faɗa wa mutane: ƙanwarsa na haɗa maganin tsutsar hanta. Na gyara masa har na gaji. Mu wurin da magani zai kama muke nema. Kowace shekara da wannan nake fara wa sababbin ɗalibai, ina zana musu gida a allo. Jikin tsutsa gida ne mai ƙofofi dubbai. Yawancinsu irin na jikin tunkiya ne, in ka rufe na tsutsa ka rufe na tunkiyar, ka kashe su tare. Aikinmu mu gano ƙofa ɗaya tak wadda tsutsa ba ta rayuwa sai da ita, ita kuma tunkiya ba ta da irinta. Ƙera kwaɗon da zai rufe ƙofar a cikin dabba mai rai aikin wasu ne, kuma na shekaru ne.

Muna zaton mun hango irin wannan ƙofar: wani sinadari a tsokar tsutsar, wanda da shi take motsi. Ɗalibata ce ta tsinto shi a kwamfuta, yarinyar da muke kira Me-ya-sa saboda magana ba ta wuce ta ba tare da ta tare ta da tambaya ba. Saura mu gwada a kan tsutsa mai rai, kuma ba kowace ba. Sai wadda farin maganin da ake ɗura wa dabbobi ya daina kashewa. Irin waɗannan kuwa a hantar tumakin Yaya suke.

Ya ɗura musu, ya sake ɗurawa. Har yanzu ƙasan haɓarsu na kumbura, idonsu fari fat.

Talata, da rana

Yaya ya kira. Wata tunkiya ta faɗi, sun yanka ta kafin ta cika.

"Likita, kina son hantar ko in jefa wa karnuka?"

Likita yake ce mini in yana tsokana. Na ce ya aiko da sauri.

Ta iso a kula, an jera mata ƙanƙara sama da ƙasa, an ɗaure da kyau. Dogo, ɗayan ɗalibin nawa, ya buɗe, ya dube ni, ya rufe. Mun dai tsaga hanyoyin maɗaciyar. Ga tsutsotsin nan cunkus, kowace kamar ɗan ganyen da ya jiƙa, amma ko ɗaya ba ta motsi. Sanyi ya gama da su tun a hanya.

Na kira matar Yaya. Na fara da godiya, don na san da zuciya ɗaya ta yi.

"Yo ni na san nama ƙanƙara yake so," in ji ta. "Wa ya taɓa aika hanta da ɗuminta kamar jariri?"

"Kamar jaririn za ki yi mata, Anti. Ki naɗe ta da tawul, ki sa gorar ruwan ɗumi a gefe. Kada ta huce."

"To. Tsutsa ma ta samu gata a gidan nan."

Mun yi dariya. Bayan ta kashe wayar na tuna ban yi wa Yaya jaje ba.

Laraba, bayan taro

An yi taro a sama. Shugaban sashe ya yi magana mai tsawo, bai dube ni ba sai da ya zo kan ƙarshen wata. Ba zan rubuta sauran ba.

Na sauko na wanke farantan gilashi. Dogo ya ce ai ya wanke su jiya. Na ce na sani.

Juma'a, da safe

Darasi ya yi daɗi yau. Na ba 'yan aji ɗaya labarin tafiyar tsutsar: ƙwai ya fita a kashin dabba, ya faɗa ruwa, ya shiga jikin dodon koɗi, ya fito ya manne wa ciyawa yana jiran baki. Wani daga baya ya ce ashe ta fi shi yawo. Na gaya musu ba sai ka so ta ba, amma dole ka girmama ta, don wanda ya raina abin da yake nazari ba ya ganin komai. Sun rubuta. Ina son lokacin da aji ya yi tsit ba don tsoro ba.

Ban gaya musu ko za a yi wannan darasin baɗi ba.

Asabar, da yamma

Na je wurin Yaya. Fadamar da tumakin ke kiwo tana nan kore shar, gwanin sha'awa, kuma ita ce ta kawo ciwon. Ya daɗe da janye su daga can, amma abin da ya shiga ya riga ya shiga.

Gwaggo ce ta fara tarye ni. Tsohuwar tunkiya ce, jikar wadda Inna ta bari, kuma don faɗanta muka sa mata sunan. Da takan tunkuri gwiwata sai na ba ta wani abu. Yau ta zo, ta jingina kai, ta tsaya. Na ja fatar idonta ƙasa na duba. Na mayar.

Yaya ya ce mahauci ya zo. Yana so ya kwashe sauran gaba ɗaya tun suna da tsoka a jiki.

"Me kika gani, Auta?"

In ya ce Auta, ba wasa a ciki. Na san amsar. Duk ɗalibin da ya yi wata guda a ajina ya san ta. Na ce, "Ka yi tunani, Yaya."

"Tunanin nake yi, shi ya sa na tambaye ki."

Anti ta kira mu cin abinci, maganar ta tsaya nan.

Lahadi, da hantsi

Da "ka sayar" na ce masa. Kalma biyu ce.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya

Yaya bai kira ba. Ruwan rainon tsutsa yana cikin akwatin ɗumi, a shirye. Me-ya-sa ta auna sinadarin gwajin, ta jera kwalabe. Muna zaune.

Wasu mutum biyu sun shigo da tef suna auna bango. Sun yi sallama sosai, ɗaya har ya tambaya ko teburin nan a kafe yake.

"Malama, me ya sa ake auna ɗakinmu?" in ji Me-ya-sa.

Na ce ta duba ko akwatin ya riƙe zafinsa.

Talata, da rana

Yaya bai kira ba. Na duba wayata fiye da yadda ya kamata. Ba na so in rubuta abin da nake jira.

Laraba, da safe

Ya kira.

Laraba, da yamma

Hantar ta iso a naɗe da tawul mai shuɗi, da ɗuminta. Anti ta sa gora biyu, ta aiko a ce mini jaririn yana gaisuwa.

Da muka tsaga, sai ga su suna fitowa da kansu, suna miƙewa suna naɗewa. Dogo ya yi fito. Na nuna wa Me-ya-sa yadda ake kamawa da hantsaki: a hankali, ta bayan wuya, don in ka matse ta ka ji mata ciwo, gobe ba za ka san ko sinadarinka ne ya kayar da ita ko hannunka ba. Tun daga ta biyu hannunta ya zauna. Yarinyar nan za ta yi nisa in ta samu ɗaki.

Mun raba su kashi uku. Kashi ɗaya a ruwan raino zalla, kashi ɗaya da farin magani, kashi ɗaya da namu. Na cikin farin maganin sai iyo suke yi, kamar an zuba musu madara.

Na yi murna da hantar nan. Na lura da hakan ina wanke hannu. Ranar Asabar mai hantar tana cikin waɗanda suka bi ni har bakin ƙofa.

Alhamis, ƙarfe goma

Sun tsaya.

Na ruwa zalla suna motsi. Na farin magani suna motsi. Namu sun miƙe samɓal a gindin faranti. Na taɓa su da bakin burushi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta amsa.

Dogo ya ɗaga kujera sama ya zagaya ɗakin da ita. Me-ya-sa ta toshe baki da hannu biyu, karon farko da na ga ba ta da tambaya.

Muna da doka a ɗakin nan, ni na kafa ta, kuma har waƙa ɗalibai suka mayar da ita: ba a cewa tsutsa ta mutu sai an yi mata wanka. A tsame ta daga sinadarin, a ɗauraye, a mayar da ita ruwa mai tsabta, a jira. Wadda ta mutu ta mutu. Wadda suma ta yi za ta farka.

"Malama, in ɗora ruwan wanka?" in ji Dogo.

Na ce ya bari tukuna, su ƙara jiƙa.

Alhamis, da la'asar

Yaya ya kira, wai mahauci yana tsaye a bakin garke yana jiran magana. Ya tambayi tsutsotsinsa, haka yake ce musu yanzu.

Na ce, "Sun daina motsi."

Gaskiya na faɗa. Ko a gaban wa zan maimaita.

Na ji ya janye wayar daga baki yana kiran Anti: "Ke! Zo ki ji, Likita ta kashe su!" Na ji guɗarta daga nesa. Na ji yana ce wa mahauci ya yi haƙuri, an fasa. Na buɗe baki. Ya dawo kan wayar yana haki, ya ce, "Da Inna na nan," sai ya kashe.

Juma'a, da safe

Ban yi wankan ba. Na ce yau akwai darasi.

Juma'a, bayan darasi

Me-ya-sa ta same ni a matakala.

"Malama, me ya sa ba mu yi musu wanka ba?"

"Za mu yi."

"Na ruwa zalla sun fara gajiya. In suka mutu da kansu, ba mu da abin kwatantawa."

"Wa ya koya miki haka?"

"Ke."

Na ce ta je ta ɗora ruwa.

Juma'a, da yamma

Ni na tsame su da hannuna. Ɗauraya uku, ruwa mai tsabta, akwatin ɗumi. Muka zauna muna jira. Dogo yana ta jujjuya murfin biro.

Ta gefen hagu ce ta fara. Bakinta ya ɗan ɗaga, kamar mai shinshina. Na ce wa kaina ruwan ne ya girgiza. Sai ta naɗe, ta miƙe. Ta kusa da ita ta bi. Kafin rana ta faɗi duk sun farka, suna yawo a faranti kamar ba abin da ya faru.

Dogo ya ce, "Barcin rana kawai muka ba su."

Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Na gaya musu abin da nake gaya wa kowane aji, kuma na yarda da shi: sakamakon da ya ce a'a ma sakamako ne, ya rage wa na bayanmu hanya. Sun gyaɗa kai. Yaran kirki ne, sun bar ni na gama.

Asabar

Ban je ba. Na ce kaina na ciwo.

Lahadi, da rana

Anti ta kira ta ce in ba ta sunan maganin, maƙwabta na tambaya. Wai har mai shanun hayi ya aiko a saka shi a layi. Na ce ba shi da suna tukuna. Ta ce to ita ta sa masa Auta.

Wata ta sake faɗuwa jiya. Yaya bai aiko da hantar ba, ya ce ai aiki ya ƙare, kada a wahalar da ni.

Litinin, da safe

An kawo kwalaye. An jingine su a bayan ƙofa, ba a ce komai ba. Shugaban sashe ya tare Dogo a hanya ya ce ya zo ofis su yi maganar wanda zai ci gaba da duba aikinsa. Dogo ya dawo yana ba ni haƙuri, kamar shi ya yi laifi. Na ce ya je, kuma ya je da wuri, malamin da za a ba shi mutumin kirki ne.

Na ɗauki waya sau da yawa.

Talata, da hantsi

Me-ya-sa ta zo da ido ja, amma da tambaya.

"Malama, a faranti in ta suma ba inda za ta je. Amma a cikin hanta fa? In ta saki riƙo, ruwan maɗaciya ba zai tafi da ita ba kafin ta farka?"

Na daɗe ina kallonta. Tambaya ce mai kyau, irin wadda malami yake shekara yana jira. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa ƙofar tamu ba ta banza ba ce. Amma kafin a sani sai an tabbatar sinadarin ba ya cutar da dabba, sai an gwada a dabbobi masu rai, sai an maimaita. Na lissafa mata duka, ba na rage wa ɗalibi gaskiya.

"Zai kai yaushe?"

Na dubi kwalayen. Ita ma ta duba.

Na ce ta rubuta tambayar da kyau, ta tafi da ita duk inda aka kai ta. Ta ce ita nan take so. Na ce ta duba ko akwatin ya riƙe zafinsa.

Laraba, da rana

Na kira. Na ce, "Yaya, ka kira mahaucin nan."

Ya ce mahauci ya zo shekaranjiya da kansa, ya zagaya, ya shafa bayansu, ya ce yanzu sai dai fata. Ya tafi bai waiwayo ba.

"Amma ba komai, tunda naki yana hanya. Ko kaɗan ne ki fara kawo wa Gwaggo, ta daina tashi."

Na ce, "Ka zo ka gani da idonka."

"Lafiya?"

"Ka zo dai."

Alhamis

Na wanke faranti. Na naɗe allon zanen gidan mai ƙofofi, na sa a kwali, na sake ciro shi.

Juma'a, da safe

Yaya bai kira ba.

Asabar, da hantsi

Ya zo bai kira ba. Na ɗago kai sai na gan shi a bakin ƙofa, sanye da babbar rigar sanyinsa duk da zafin da ake yi, hannu ɗaya a kan ciki. Bai taɓa shigowa ɗakin nan ba. Ya dubi kwalayen, ya dubi bangon da aka cire hotuna, bai tambaya ba.

Ya zuge rigar ya ciro ƙunshi a leda, naɗe da tawul mai shuɗi.

"Gorar ta fashe a hanya," in ji shi. "Sai na sa ta a jikina."

Ban tambayi ta wace ce ba. Da ta wata ce ba Gwaggo ba, da ya aiko.

Na ba Me-ya-sa ta sa a akwatin ɗumi. Na zaunar da shi a kujerar Dogo. Akwai 'yan kaɗan daga na baya da suka rage da rai, na mayar da su cikin sinadarin tun jiya saboda shi. Na ajiye farantin a gabansa. Sun miƙe samɓal.

"Ka ga? Haka na gani ranar da ka kira."

"Matattu ne ai."

Na yi musu wanka a gabansa. Na ce ya jira. Ya jira, hularsa a gwiwa, kamar mai zaman asibiti. Da ta farko ta ɗaga baki, ya matso da fuska har numfashinsa ya dushe gilashin. Ya kalle ta ta naɗe, ta miƙe. Ya daɗe.

"Ranar kin san za su tashi?"

"Ban sani ba. Amma na san ban duba ba."

"Da ba su tashi ba fa? Da Gwaggo ta sha?"

"A'a, Yaya. Ko da sun mutu, shekaru ne kafin ya zama abin da za a ɗura wa dabba."

"Kin taɓa gaya mini haka."

"Sau da yawa. Ban da ranar da ya kamata."

Ya juya hular a hannu. Na jira faɗa, na so ya yi. Ya dubi Me-ya-sa, wadda ta maƙale a jikin bango.

"Ke ce mai tambayar?"

"Ni ce, Baba."

"Auta ta ce ke kika gano ƙofar. Ƙofar banza ce ko ta gaske?"

"Ban sani ba tukuna, Baba."

"Ku dai a ɗakin nan ba wanda ya san komai." Ya share fuska da tafin hannu. "To. Saura huɗu a gida, ba za su kai damina ba. Wannan kuwa tun asuba nake ɗauke da ita. Kada ku bari ta huce a banza."

Me-ya-sa ta fito da ita. Har yanzu da ɗumi, ban san ko nata ne ko nasa ba. Na tsaga hanyar maɗaciya ta farko, suka fara fitowa suna miƙa. Ƙarshen wata jibi ne. Abin da za mu gani a kwana biyu ba zai tayar da ko ɗaya daga cikin huɗun ba, duk mun sani, mu ukun.

Yaya ya miƙe zai ba mu wuri. Na riƙe hannun rigarsa, na juya hantsakin na miƙa masa ta ƙota.

"Zauna, Yaya. Shekara da shekaru kana ciyar da su ba ka taɓa riƙe ɗaya ba. Ga ta nan a baki-baki. Kama ta bayan wuya, a hankali, kada ka matse. Gwada da hannunka."